Uwar Garke Ba Ta Tambaya

Litinin, 2 ga Yuni 1997, da yamma

Sun sa kwaɗo a ƙofar ɗakin kwamfuta. Ba nawa ba, wani sabo fil da Baba Dogara ya fito da shi daga aljihun kwat ɗinsa. Shi ne shugaban kwamitin cibiyarmu, dattijo ne kuma a cocinmu, ya san ni tun ina yawo ba takalmi a Fadan Kaje. Ya ce, "Faustina, je ki gida ki huta." Na ce ban gaji ba, Baba. Ya ce ai ba tambayata yake yi ba.

Ɗalibaina suna tsaye a gindin mangwaro, kowa da disket, faifan ajiyar aikinsa, a hannu, kamar kajin da aka rufe wa akurki. Na ce gobe kowa ya zo da biro da takarda. An rufe ɗaki ne, ba a rufe kaina ba.

Ubaidullahi bai zo ba. Gara da bai zo ba.

Talata, 3 ga Yuni, da safe

Bari in rubuta yadda abin yake, tun kafin bakunan gari su canza mini shi.

Ƙananan na'urori shida muke da su, da babba ɗaya a kusurwa, waya ta haɗa su duka. Yara suna kiran babbar Uwar Garke, don ita ke riƙe da aikin kowa. Na rubuta musu wani ɗan furogiram da muka sa wa suna Allo. Ka rubuta magana a ƙaramar na'ura, ita kuma ta aika kira zuwa ga Uwar Garke ta ce, "Manna wannan," Uwar Garke ta manna inda kowa zai gani, da sunan mai magana a ƙasa. Da shi nake koya musu yadda na'ura ke aiken 'yar'uwarta aiki daga nesa. Su kuwa sun mai da shi dandali: gardamar ƙwallo, cigiyar kalkuleta, wa ya ci ƙosan wa.

Ranar Juma'a da rana wata magana ta fito a Allo. Ba zan kwafe ta a nan ba. A kanmu take, mu masu zuwa coci, da Wanda muke yi wa sujada. A ƙasanta: Ubaidullahi Mijinyawa, na'ura ta huɗu. Kafin in goge, wani ya riga ya buga ta a firinta ya yage takardar. Ran Lahadi kuwa tana aljihun mutane a bakin coci, an ninka ta ba adadi.

Ubaidullahi ɗan Alhaji Mijinyawa ne, mai shagon citta a kasuwa. Yaron da zai tsayar da ni a hanya ya ce, "Malama, jiya kin yi kuskure a layi na tara," ya kuma yi gaskiya. Ya ce bai rubuta ba. Na yarda da shi.

Baba Dogara ya ce na'ura ba ta da addini, ba ta da ƙabila, don me za ta yi ƙarya? Na ce ba ƙarya ta yi ba, Baba, ƙarya aka yi mata. Ya ce wannan turancin malamai ne.

Laraba, 4 ga Yuni, da azahar

An jefi rufin shagon Alhaji. Yara ne kawai, in ji su. Kawai.

Alhamis, 5 ga Yuni, da yamma

Mun yi aji a gindin mangwaro, allon katako a jingine da bango. Sun fi rabi da suka zo. Na sake musu darasin da na yi a watan Mayu, da gangan, da ƙarfi, don mai gadi ma ya ji.

Na ce, in uwarka ta aike ka shago karɓo gishiri, mai shago zai ce, wa ya aiko ka? In mai hankali ne ba zai tsaya nan ba, zai nemi alama: ɗankwalinta, ko wata magana da su biyu kaɗai suka sani. To kowane kira da ke zuwa wa Uwar Garke yana ɗauke da lambar ɗalibi da sunan na'urar da ya fito. Amma wa ke cika wannan shaidar? Mai kiran da kansa. Ya ce shi wane ne, Uwar Garke ta ce to. Ba ta neman alama. Akwai hanyar da ta fi wannan, mai mabuɗin sirri, inda kira ke zuwa a ƙulle da lokacin da aka aiko shi. Mun gwada ta a farkon shekara. Sai dai tana so agogon na'urori su zama baki ɗaya, mu kuwa da an ɗauke wuta an kawo, kowace na'ura ta farka da shekararta daban. Ta riƙa korar kowa, har ni. Muka ajiye ta sai mun sami batura.

Khairat, wadda ba ta magana sai ta auna, ta ce, "To Malama, me ya sa ba za ki nuna wa kwamiti ba?" Na nuna mata kwaɗon da baki.

Da aka tashi Wilfred ya tsaya yana tona ƙasa da takalmi. Abokin Ubaidullahi ne, dogo, baki kamar rediyo, amma tun Litinin ban ji muryarsa ba. Ya ce, "Ma, ni ne ya riƙe masa kujera."

Na sani. Tun ranar na sani, ban so in sani ba ne.

Dokar cibiya ta ce in ka tashi ka rufe aikinka, na bayanka ya zauna. Amma na'ura shida, ɗalibai cike da ɗaki, wanda ya tashi ya yi asarar yini. Sai suka yi tasu dokar. Ran Juma'a in Musulmi za su masallaci, kowa ya zaunar da abokinsa Kirista a kujerarsa, aiki a buɗe, har ya dawo. Ran Laraba in namu za su addu'ar tsakiyar mako, Musulmi su rama. Na daɗe ina gani ina kau da kai. A garin nan ban taɓa ganin dokar da aka karya da kyau haka ba.

"Ma, a gaban Allah, ban rubuta komai ba. Wasan kati kaɗai na yi, shi ma ban ci ba sef."

Na ce na yarda.

"Ubai ya ce in kama bakina. Ya ce yanzu wuta ɗaya ne, in na yi magana zai zama biyu."

Na ce ka ji maganarsa. Ya tafi yana share hanci da bayan hannu, ƙaton banza.

Juma'a, 6 ga Yuni, bayan la'asar

Kasuwa ta watse da wuri. Ba wanda ya ce a tashi, kowa dai ya ga maƙwabcinsa yana naɗe tabarma. Wanda ya ga rikicin shekarar tamanin da bakwai ba sai an buga masa ƙararrawa ba. Ni na gani. Ya isa.

Na tsallaka layin dogo na je gidan Alhaji. An ce kar in je, shi ya sa na sa jan zanena don kowa ya gan ni. Zaure yana warin busasshiyar citta har hanci na ƙaiƙayi. Alhaji ya sa aka kawo mini kujera, shi yana kan buzu.

"Malama, ki yi wa ɗalibinki magana. Sahu guda na mutane sun gan shi a masallaci ranar. Na ce ya fita ya faɗa, ya ƙi. Taurin kai kamar jakin Kano."

Aka kira Ubaidullahi. Ya rame, ko kuwa rigar ce. Ya durƙusa gefe ya ce, "Baba, in na ce ina masallaci, tambaya ta gaba ita ce wa ke kan na'urar."

"To wa ke kai?"

Ubaidullahi ya kau da kai.

"Kin gani?" Alhaji ya juyo gare ni. "Kakana a garin nan aka binne shi. Yau an aiko mini wai in ɗana ya tsallaka layin dogo, kar in nemi kowa. Ni za a gaya wa inda ɗana zai taka?"

Na ce Alhaji, a ba ni makullin ɗakin nan na rabin yini, zan nuna wa kowa cewa sunan da ke ƙasan maganar nan ba shaida ba ne. Ya dube ni ya ce, "Ke da mutanenki za ki yi wannan rigimar?" Na ce Ubaidullahi ma mutumina ne.

Da zan fita yaron ya biyo ni ƙofa. "Malama, jarrabawar ƙarshen wata fa?" Na ce za ka rubuta ta. Ban san da bakin wa na faɗa ba, amma na faɗa.

Lahadi, 8 ga Yuni, bayan sujada

Fasto ya yi wa'azi a kan haƙuri. A benci na mawaƙa Paulina, wadda muke raba littafin waƙa ɗaya shekara da shekaru, ta matsa ta ce zafi take ji. Ana ruwa a waje.

A bakin ƙofa wata ta ce, "Sannu, malamar Hausawa." Na ce yauwa, sannu, ya yara? Ɗanta yana ajina. Ni na koya masa riƙe linzamin kwamfuta.

Na yi waƙa da ƙarfi yau. Wataƙila fiye da kima.

Litinin, 9 ga Yuni, da yamma

Na sami Baba Dogara a barandarsa yana gyaran rediyo. Na gaishe shi har ƙasa, sannan na ce makulli nake so.

"Zauna, ɗiyata. Kin san me gari yake so? Suna ɗaya. A ce ga wanda ya yi, an kore shi, kowa ya koma gona. Yaron ya tafi Zariya wajen danginsu shekara ɗaya, ƙura ta lafa."

"Danginsu suna nan, Baba. Bayan tasha."

"Kin gane abin da nake nufi."

"Na gane. A yanka ɗan akuya don kura ta yi barci."

Ya ajiye sukundireba. Ya ce a tamanin da bakwai shi ya ɗauki gawa a garin nan da hannunsa, ni ina makaranta a lokacin, kar in koya masa. Makarantar kuwa a garin nan take, na gani da idona. Ya sani.

Bai ba ni ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Ba makulli.

Alhamis, 12 ga Yuni, da rana

Ba makulli. Ruwa ya kore mu daga gindin mangwaro, muka ƙarasa a rumfar mai faci. Na sa su wasa: Khairat ce Uwar Garke, sauran suna kawo mata kira a 'yar takarda. Wani ya rubuta shi ne shugaban ƙasar Amurka, a ba shi gyaɗar kowa. Khairat ta miƙa masa ba ta ko ɗaga ido ba. Suka yi dariya. Rabon da in ji dariyarsu tun kafin abin nan.

Mai faci ya ce shi ma a sa shi a ajin.

Juma'a, 13 ga Yuni, da yamma

Ta fashe. Wani ya kai sunan Wilfred kasuwa. Yanzu a wancan gefen ana cewa Kirista ne ya zauna a kujerar ɗan Musulmi ya rubuta don a ƙone musu shaguna. A namu gefen ana cewa ƙarya ce, an ƙirƙiro ne don a wanke ɗan Alhaji. Uwar Wilfred ta tura shi Godogodo a bayan motar doya, ko jakarsa bai ɗauka ba.

Wuta biyu. Ubaidullahi ya faɗa tun farko.

Asabar, 14 ga Yuni, da safe

Ban share ɗaki ba. Ban dafa komai ba.

Na san wanda ya zauna a kowace na'ura ranar. Ina rufe ido in gan su, wa ke kusa da taga, wa ke kusa da firinta. Ɗaya daga cikinsu ne, ko biyu. Wani da na taɓa dafa wa kafaɗa na ce, yauwa, haka ake yi. Ba zan jera su ba, ko a nan. Zato ba shaida ba ne, kuma in na fara zato na zama Uwar Garke, mai karɓar duk abin da aka miƙo mata.

Ba zan jera su ba.

Ya Ubangiji, ko wane ne, Ka hana shi barci kaɗan. Kaɗan dai.

Litinin, 16 ga Yuni, da hantsi

Na bi Baba Dogara har gonarsa ta citta. Yana tsaye cikin ciyawar da aka rufe kunya da ita, wando a naɗe. Na ce Baba, ran Lahadi in an zo sanarwa zan miƙe a coci in yi bayanin nan da bakina, da allo da alli. In an fitar da ni, in ƙarasa a bakin ƙofa. Ran Juma'a kuma in tsaya a ƙofar masallaci.

"Za ki iya," ya ce. "Uwarki ma haka take."

Ya tuge wata ciyawa ya jefar. Sannan ya ce kwamiti zai zauna ran Alhamis a cikin ɗakin, zai buɗe da hannunsa.

Na fara godiya, ya ɗaga hannu. "Tsaya. Kin yi tunani? In kika nuna musu kowa zai iya sa sunan wani, ba za su tashi su tafi gida ba. Za su ce wa ya iya. Daga nan su ce wa ya koya. Har yanzu suna ɗaya ake nema, Faustina. Ba ki rage komai ba, kin canza shi ne kawai."

Na ce na sani, Baba.

Gaskiya ban sani ba sai da ya faɗa. Amma daga gonar zuwa titi na gama sani, kuma ƙafata ba ta juya ba.

Laraba, 18 ga Yuni, da yamma

Na goge rigata da dutsen guga na gawayi. Na aika a gaya wa Alhaji ya zo gobe. Na sayi man janareta galan guda, kar a ce wuta ce ta hana.

Ina son ɗakin nan. Ni na ja wayoyinsa da hannuna, ina rarrafe a ƙarƙashin tebura. Shi ke nan, na faɗa.

Alhamis, 19 ga Yuni, da yamma

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Ɗakin yana warin rufi, gizo-gizo har ya fara saƙa a kan firinta. Kwamiti suka zauna a kujerun yara, gwiwoyi a sama: Baba Dogara, Fasto, wakilin Liman, da Hajiya Mero mai gidan burodi, wadda ita ta saya mana na'urori biyu kuma ba ta bari a manta. Alhaji Mijinyawa ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce shi ba ɗan kwamiti ba ne, ba zai zauna ba. Ɗalibai sun cika tagogi.

Janareta ta ƙi tashi sai a ja na huɗu. Uwar Garke ta yi tari ta farka.

Na ce Baba, ka tuna ranar buɗe cibiya mun yi maka suna a na'ura don girmamawa? Ya ce ya tuna, bai taɓa amfani da shi ba, bai ma san inda ake dannawa ba. Na ce to ka sa hannuwanka a aljihu, kowa ya shaida. Ya sa.

Na zauna a na'ura ta shida, can ƙarshe. Ta huɗu kuwa a kashe take, na sa Fasto ya taɓa ta ya ji sanyinta. Na ce Hajiya, me kike so Baba Dogara ya faɗa wa duniya?

Ba ta ko yi tunani ba. "Rubuta: Ni Dogara, kwat ɗin nan tun zamanin Turawa nake sa shi, kuma da shi za a binne ni."

"Mero!" in ji Baba.

"Hannu a aljihu, Shugaba."

Na buɗe furogiram ɗin, na je inda ake cika shaidar mai kira. Na cire lambata na sa tasa. Na cire shida na sa huɗu. Na aika. Na ce su dubi Allo.

Ga ta nan, fararen haruffa a kan baƙi. A ƙasa: Dogara, na'ura ta huɗu.

Tagogi suka fashe da dariya. Wakilin Liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Fasto ya sake taɓa na'ura ta huɗu, kamar za ta yi ɗumi. Hajiya ta ce a sake, a sa Fasto yana neman bashin burodi. Na sa. Wakilin Liman ya ce shi kar a taɓa shi, ya yarda.

Na ce, abin da kuka gani shi ne duk shaidar da ake da ita a kan Ubaidullahi. Ita ce kuma duk shaidar da ake da ita a kan Wilfred. Uwar Garke ba ta tambaya. Wanda ya aika maganar nan zai iya zama a kowace kujera a ɗakin nan, kuma da ya ga dama da sunana zai sa.

Alhaji daga bakin ƙofa ya ce, "Alhamdu lillahi," a hankali, kamar mai sauke buhu.

Dariya ta mutu. Fasto ne ya yi tambayar, ba Baba ba. "Malama, wa ya iya yin wannan?"

"Duk wanda ya saurare ni a watan Mayu."

"Ke kika koya musu?"

"Ni. A allon can, da rana tsaka."

Hajiya Mero ta tafa hannu. "Ke kuwa don me? Mun kawo ki ki koya musu sana'a, kin koya musu sata?"

Na ce Hajiya, wanda zai yi wa gidan burodinki ƙofa, gara ya san yadda ɓarawo ke ɓalle ta. Yaran nan za su je bankuna da asibitoci su haɗa na'urori. In ban nuna musu ramin ba, su za su haƙa wa wasu. Na koya, kuma in an ba ni aji gobe zan sake koyarwa.

Wannan na ƙarshen bai zama dole ba. Na faɗa dai.

Wakilin Liman ya gyara murya ya ce to a taƙaita. A cikin ɗalibai ai akwai waɗanda suka fi kamawa. In ba su sunaye uku ko huɗu, su za su bincika cikin hikima.

Ɗalibai suka matso jikin tagogi. Ban juya ba, amma ina jin idanunsu a ƙeyata.

Na ce a'a.

Fasto ya ce ba za a cuce su ba. Na ce an gaya wa Alhaji haka kafin a jefi rufinsa? A'a.

"Faustina," in ji Baba.

"A'a, Baba."

Ya fitar da hannuwansa daga aljihu, sai lokacin. Ya ce in jira a waje.

Juma'a, 20 ga Yuni, da rana

An sallame ni. Baba ya zo da kansa ya faɗa, bai aiko ba. Za a buɗe ɗakin ran Litinin, amma za a cire wayar da ta haɗa na'urorin, kowace ta zauna ita kaɗai. Wani zai zo daga Kaduna ya koya musu buga wasiƙa.

Na ce abu ɗaya nake so. A faɗa a masallaci yau, a faɗa a coci jibi, da sunayen yaran biyu, cewa ba su ba ne. Ba a ofis ba. Inda aka ɓata su.

Ya ce an riga an shirya haka. Sai dai za a haɗa da cewa malamar ce ta koyar da abin da ya jawo fitina, kuma an cire ta.

Na ce a haɗa. A faɗi sunana da kyau, kar a ce Fostina.

Khairat ta zo bayan an sauko, ta ce an faɗa. Ta ce wani tsoho ya tambaya ko ita Uwar Garken an kama ta.

Lahadi, 22 ga Yuni, bayan sujada

Baba ne ya karanta. Ya yi tuntuɓe a sunana, ya sake. Na zauna a benci na gaba, kaina a miƙe, na sa ɗankwalin da ya fi kowanne tsawo. Wasu sun juyo. Su juyo.

Paulina ta turo mini littafin waƙa har ya taɓa gwiwata. Ba ta dube ni ba. Na riƙe gefena.

Litinin, 23 ga Yuni

Na ji ƙarar janaretar daga nan. Na rufe taga.

Talata, 24 ga Yuni, da yamma

Wilfred ya dawo, ya yi baƙi, wai kakarsa ta sa shi noman shinkafa. Ya ce, "Ma, gara a kashe ni a Kafanchan da in koma fadaman nan." Na ce rufe bakinka, ba a wannan wasan. Muka yi dariya duk da haka.

Ubaidullahi har yanzu bai fito ba. An faɗa a masallaci, an faɗa a coci, amma faɗa daban, ƙafa daban. Jarrabawa ran Litinin, kuma zauren da za a yi ta yana wannan gefen.

In bai tsallako ba, me na yi ke nan?

Alhamis, 26 ga Yuni, da la'asar

Ina baranda ina tsince wake, sai na hango farar hula tana tahowa daga wajen layin dogo. Ba ta lungu ba. Ta tsakiyar titi, littattafai a hammata, yana tafiyar nan tasa kamar wanda aka bai wa aron ƙafafu.

Samarin da ke zama a gaban shagon mai walda suka juyo gare shi. Na ajiye faranti. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ɗaya ya tashi tsaye, ya dube shi, ya dube shi, sannan ya juya ya tofar da yawu ya koma ya zauna.

Yaron bai waiwaya ba. Idonsa yana kaina, shi ya sa bai ga kaskon Mama Magdalene mai gasa masara ba. Ya yi fatali da gefensa, gawayi ya watse, masara biyu suka gangara cikin kwata.

Mama Magdalene ta miƙe da mafici a hannu. "Kai! Ɗan gidan Mijinyawa! Ido ne a kanka ko kwalba? Duk karatun nan bai koya maka kallon ƙasa ba? Kwashe mini shi yanzu, kuma sai ka biya masara na, ko in je in karɓa wajen babanka!"

Ya durƙusa a tsakiyar unguwarmu yana tsintar gawayi da hannu, yana cewa, "Yi haƙuri, Mama, yi haƙuri," tana ta surfa masa, mutane suna wucewa abinsu ba wanda ya ko tsaya.

Ban taɓa jin zagi mai daɗi haka ba.

Ya iso da baƙin hannu, ya rasa inda zai shafa. Na ba shi ruwa. Ya ce, "Malama, babi na bakwai ban gane ba."

Na ture waken gefe na ce buɗe.